Baba Duba-gari: Shekara Guda da Rashin Idonmu a Ƙaramar Hukuma



A wannan makon ne Baba Duba-gari ya cika shekara guda da komawa ga Mahaliccinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. A zaman da shugabannin ƙungiya suka yi, an ɗora wa ofishin sakatare ya rubuta wani abu a kansa. Da muka zauna rubutun sai muka ga labarin mutumin nan ba zai fito ba sai an haɗa da na unguwar da ta haife shi da na hukumar da ya yi wa aiki shekara 35. Don haka a yi haƙuri da tsawonsa. Za mu ci gaba da kiransa da sunan da kowa ya san shi da shi, tunda da yawa cikin yaran da suka taso a gabansa sai ranar jana'iza suka fara jin sunansa na yanka.

Sabo da ƙofa ɗaya

Kakanninmu sun riga jirgin ƙasa zuwa Kurmi. Da ƙafa suke koro shanu daga Arewa, su haye Kwara, su biyo ta Ilori da Ogbomosho har Badun da Ikko. Layin dogo ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, sai tafiyar makonni ta koma ta kwanaki. Goron da a da sai an je Gwanja aka shiga nomansa sosai a ƙasar Yarbawa, kuma Bahaushe ne ya san yadda ake zaɓensa, a jera cikin ganye, a ɗaure huhu ya isa Kano bai lalace ba. Shanu su gangaro, goro ya hau. A kan wannan aka gina zamanmu a nan.

Da farko a cikin gari mutanenmu suke zaune, a gidajen Yarbawa masu masaukinsu. A 1916 ne Turawan mulki da sarakunan Badun suka yanke fili a gefen Mokola, aka ce Hausawa su koma can. Sabon Gari aka kira wurin, baki ya gajarce shi ya koma Sabo. Hujjar da aka fi kafawa ita ce tsaro: a tara baƙi wuri guda a ƙarƙashin sarkinsu, wanda za a tambaya in wani abu ya faru. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda masu gida da dillalai suke tafiyar da cinikin shanu da goro bisa amana, ba takarda ba banki.

Abin lura shi ne, a wancan zamani ƙofa ɗaya ce tsakanin Sabo da hukuma, wato Sarkin Hausawa. Haraji ta wurinsa, sammaci ta wurinsa, ƙorafi ta wurinsa. Ma'aikaci ɗaya ne kawai yake tsallake wannan ƙofa ya faɗa har tsakar gida ba tare da neman izinin kowa ba. Yarbawa suna ce masa wole-wole, wato mai shiga gida. A Arewa ana ce masa duba-gari.

Zamanin wole-wole

Aikin ya samo asali ne daga tsoron da Turawa suke yi wa zazzaɓin sauro da shawara, musamman bayan an gano cewa sauro ne yake yaɗa su. Annobar da ɓeraye suke kawowa, wadda ta faɗa wa Ikko a 1924, ta ƙara wa aikin ƙarfi. Dokta Isaac Ladipo Oluwole, wanda ake kira uban kiwon lafiyar jama'a a Nijeriya, shi ya tsaya a kan horar da 'yan ƙasa wannan aiki a Ikko. Kano ta samu makarantar tsafta a 1932, Badun ta samu tata a 1933, wadda a yau ita ce kwalejin kimiyyar lafiya da ke Eleyele.

Wole-wole yana zuwa ne da kaki da hular kwano da dogon ludayi. Ya leƙa randa, ya ɗebo ruwa, in ya ga tsutsar sauro a zubar da ruwan, mai gida kuma ya ci sammaci. Ya leƙa salga, ya leƙa kwata, ya duba juji. Tsofaffinmu sun ce an fi tsoronsa a kan ɗan sanda, don ɗan sanda sai ka yi laifi yake nemanka, shi kuwa wannan kana zaune lafiya zai faɗo maka.

A Sabo abin ya fi zafi saboda dalili guda: gidajenmu gidajen kulle ne. Namiji baligi, baƙo, ba ya jin Hausa, ya ratsa zaure ya wuce har gaban randar matan aure, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai gida. Iyayenmu mata suna ba da labarin yadda yara ke rugowa da ihu da zarar sun hango kaki, sai ka ji ana kifar da tukwane, ana tura randa ƙarƙashin gado. Wasu masu gida su tare shi a zaure da 'yan sulalla ya juya. Ta haka aka yi shekaru ana ɓuya, kuma babu wanda ya ci riba sai cuta. Hukuma tana ganin Sabo unguwar masu taurin kai, Sabo tana ganin hukuma ba ta san mutunci ba.

Daga En'e zuwa ƙaramar hukuma

A 1952 gwamnatin Jihar Yamma ta yi dokar da ta kawo majalisun da ake zaɓa. Siyasar jam'iyya ta shigo, Adegoke Adelabu ya zama shugaban majalisar Badun a 1954. Daga nan ƙofar Sarki ta fara tsukewa, don magana ta koma hannun kansiloli, kansila kuwa ƙuri'a yake kallo, kuma ƙuri'ar Sabo ba ta kai ta kawo ba a cikin babban gari irin Badun.

Babban sauyi ya zo a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Oyo. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo, a kan shirin da aka faro tun zamanin Janar Murtala, ta soke tsarin En'e da sauran tsare-tsaren da kowane yanki yake bi, ta kawo tsari iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Aka samu ƙananan hukumomi 301, aka mayar da sarakuna masu ba da shawara, aka ware wa ƙaramar hukuma kasonta daga asusun tarayya. Adadin ya kai 589 a 1991, ya kai 774 a 1996, inda yake har yau.

Wanda ya buɗe Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 zai ga ayyukan ƙaramar hukuma a jere: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, banɗakunan jama'a, lasisin keke da amalanke, kula da wuraren sayar da abinci, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. A sake karanta jerin nan a hankali. Mahauci, mai suya, mai shayi, ɗan dako, mai tura baro, dillalin tumatir, direba, har da wanda ya mutu ake neman inda za a rufe shi, babu wanda ya fita. Mukan cika baki da zancen Abuja a majalisa, alhali wuyanmu a hannun sakatariyar ƙaramar hukuma yake.

Yaron da aka sa boko

An haifi Baba a Sabo 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai. Kakansa da ƙafa ya zo bayan shanu, mahaifinsa dillali ne a kara. Tun 1955 gwamnatin Awolowo ta mayar da karatun firamare kyauta a Jihar Yamma, amma gidajen Sabo da suka sa 'ya'yansu ba su da yawa. Ana tsoron yaro ya bar addini, ko ya koma Bayarabe, kuma ana ganin wanda zai gaji cinikin ubansa me zai yi da boko? Mahaifin Baba ya sha magana a kan haka. Abin da yake cewa shi ne ya gaji da biyan wani ya karanta masa takardar da aka rubuta a kansa. Sai yaron ya zama da asuba yana gaban allo, hantsi yana aji, da yamma yana kara yana riƙe wa ubansa igiya. Ya tashi da Hausa da Yarbanci da Turanci, kowanne kamar da shi aka haife shi.

Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, a 1971 ta kashe kusan mutum 3,000 a ƙasar nan, kuma Badun na cikin garuruwan da ta yi wa ɓarna. A cikinta ƙanwar Baba ta rasu, tsakanin azahar da asuba. Ya sha gaya mana cewa daga baya ne, yana makarantar Eleyele, ya gane taku nawa ne tsakanin rijiyar gidansu da salgar maƙwabta. Ya ce ranar bai iya cin abinci ba.

Ya kama aiki ba da jimawa ba sai ga ambaliyar Ogunpa ta 31 ga Agusta, 1980, zamanin Gwamna Bola Ige, wadda mutanen Badun suke kira Omiyale. Ruwa ya ci rayuka masu yawa, ya rushe gidaje, ya share lambun Agodi. Bayan ruwa ya janye, abin da ma'aikatan lafiya suka fi tsoro shi ne abin da zai biyo baya, don ambaliya takan haɗa ruwan salga da na rijiya. Aka rarraba su unguwa-unguwa da garin kulorin. Da aka zo kan Sabo, manyansa suka dubi juna, sai wani ya tuna akwai sabon yaro Bahaushe. Haka aka turo shi gida da kaki a jikinsa.

Tsofaffi ba su manta abin da ya yi ba. Bai fara da gidan kowa ba sai da ya je fadar Sarki ya faɗi ya yi gaisuwa, ya je wurin liman ya roƙi a yi sanarwa bayan salla. Duk gidan da ya je sai ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya jira mai gida, a ce wa mata su kimtsa. Gidan da mai shi ba ya nan, sai ya koma da ma'aikaciya mace. In ya ga tsutsa a randa ba ya fasa randar, sai ya ɗebo a ludayi ya nuna wa uwargida, ya ce, "Inna, wannan da kike gani, nan da 'yan kwanaki shi ne sauron da zai hana jikanki barci." Ba doka ya sauya ba, ita ce dai dokar da wole-wole ya zo da ita. Ladabi ya ƙara mata, sai ƙofofin da suka yi shekara sittin a rufe suka buɗe.

Kada wani ya ɗauka sakaci ne da shi. Lokacin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na Buhari da Idiagbon, da aka shigo da tsaftar muhalli a 1985 har ta zama al'adar Asabar ɗin ƙarshen wata, Baba ya rubuta wa kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, sammaci a kan kwatar da ta toshe tana malala ƙofar masallaci, bayan ya yi masa magana sau uku. Kawun ya biya tara, ya yi watanni ba ya amsa gaisuwarsa. Amma da yammacin ranar da aka yanke tarar, an ga Baba ya tuɓe kaki, ya ɗauki shebur, shi da 'ya'yan kawun suna yashe kwatar. Daga ranar babu wanda ya ƙara tare shi a zaure da kuɗi.

A 1991 aka raba hukumar birnin Badun gida biyar. Ma'aikata suka watsu, fayil-fayil suka bi su, wasu suka ɓace a hanya. Baba ya sha canjin wurin aiki kamar kowa, amma akwai abin da bai taɓa rabuwa da shi ba: wani babban littafi mai baƙin bango da ya saya da kuɗinsa. A ciki ya rubuta rijiyoyin Sabo gida-gida, wadda take da murfi da wadda ba ta da shi, nisanta da salga, da ranar da aka zuba mata magani. Ko an tura shi wata ƙaramar hukumar, ranar hutunsa yana nan yana zagayawa da shi a hammata.

A 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargin an gurɓata maganin, maganar ta biyo motocin kaya ta sauka a Sabo kafin mako ya zagayo. Masu ɗiga magani suka riƙa cin karo da ƙofa a rufe. Baba bai yi musu da kowa ba. Ya ɗauko autarsa bayan la'asar, a ƙofar masallaci, ya sa aka ɗiga mata a gaban jama'a, ya saɓa ta a kafaɗa ya koma gida. Ba kowa ya sauko a ranar ba, amma da yawa sun sauko. Allah ya ja kwanansa har ya ga 25 ga Agusta, 2020, ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da wannan cuta ta asali. Yarinyar yau tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta biyu.

A hankali ya zama ƙofa ta biyu bayan ta Sarki. Mai neman takardar haihuwa, mai rumfar da aka sa wa jan fenti, mai suyar da aka kwashe wa tire, wanda baƙonsa ya rasu ba a san danginsa ba, kowa gidan Baba. Ba shi da ikon yafe wa kowa doka, amma ya san ofishin da za a shiga, ya san takardar da za a riƙe, ya san kuɗin da yake na gwamnati da wanda yake na aljihun wani. Abokan aikinsa Yarbawa ma ta wurinsa suke fahimtar mu.

Ciwon da ba ya sallama

A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, wani saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare, wai kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha kafin gari ya waye. Mutane sun kwanta asibiti a kan wannan, wasu sun rasa rayukansu. Kafin kiran assalatu Baba yana waje da tocila yana buga ƙofofi, mu matasan ƙungiya na lokacin muna biye da shi. A ƙofar wani gida ne ya ce mana, "Yarana, ni da nake fama da hawan jini da suga shekara da shekaru, in na kurɓi wannan ai sai dai a ɗauke ni." Ranar muka fara jin haka daga bakinsa. Muka ce Allah ya sawwaƙe, muka wuce gida na gaba. Babu wanda ya koma ya tambaye shi ko yana shan magani.

Wannan shi ne wurin da ya fi yi mana nauyi a rubutun nan. Bayan ya ajiye aiki ba mu bar shi ya huta ba. Duk suna, duk ɗaurin aure, duk walima, Baba ne a kujerar gaba, a tura masa shinkafa da nama da lemon kwalba, shi kuma kunya ba ta barinsa ya ce a'a. Gwiwa ta dame shi, yana sayen maganin kashe zafi a kemis yana sha don ya iya raka wani sakatariya. Masu ƙaunarsa suna kawo masa jiƙe-jiƙe da agbo, kowa da irin nasa, babu awo. Haƙƙinsa na ajiye aiki ya daɗe bai fito ba, kamar yadda ake yi wa tsofaffin ma'aikatan ƙananan hukumomi a wurare da yawa, don haka wani watan a sayi magani, wani watan a sayi abinci. Muna ganin takalminsa ya daina shiga, muna cewa tsufa ne.

Abin da likitoci suka bayyana wa iyalinsa daga baya, ya kamata kowa ya ji shi. Ƙoda matatar jini ce, cike take da ƙananan jijiyoyi. Suga in ya yi yawa yana cinye su a hankali, hawan jini kuma yana matsa musu har su gaji. Waɗannan biyun su ne kan gaba wajen kashe ƙoda a duniya. Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac, in aka daɗe ana shan su, suna ƙara mata rauni. Mugun abin shi ne ƙoda ba ta kuka da wuri. Mutum zai iya rasa fiye da rabin aikinta yana yawonsa. Kafin a ga kumburin ƙafa da fuska, da kumfa a fitsari, da kasala da rashin cin abinci, sau da yawa an yi nisa. Alhali awon jini, da gwajin suga, da gwajin fitsari, da gwajin jini na aikin ƙoda suna iya nuna matsalar shekaru kafin haka. Kwalara takan shigo da ihu, shi ya sa Baba ya iya tare mata hanya. Wannan kuwa a gida ɗaya suka yi shekara ashirin.

Fitarsa ta ƙarshe a kan aikin jama'a ita ce lokacin rikicin kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021. Mutane suka bar gidajensu, wasu suka fake a gidan Sarkin Sasa, wasu maƙwabtansu Yarbawa suka ɓoye su, wasu suka taho wurin dangi a Sabo da Mokola. Gidan mutum goma ya koma na talatin. Baba ya fito da sanda, ya sa aka ajiye masa kujera a bakin layi, yana faɗin rijiyar da za a ɗiba da wadda za a rufe, da yadda za a haɗa ruwan gishiri da suga in yaro ya fara zawo. Ba a samu ɓarkewar cuta a gidajen nan ba. Alhamdu lillahi.

Daga baya aka ce ƙodojin sun gaza, sai wanki. Abin da likitoci suke so shi ne sau uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu. Ya fara da biyu, ya koma ɗaya, ya koma sai ranar da aka samu. Filinsa ya tafi, babur ɗinsa ya tafi, Hajiya ta sayar da abin da ta tara tun na aure. Sai a lokacin ƙungiya ta kafa gidauniya, kuma jama'a sun yi ƙoƙari, har da tsofaffin abokan aikinsa Yarbawa, Musulmi da Kirista, da suka yi nasu karo-karon suka kawo har gida. Allah ya saka wa kowa. Amma abin da aka tara a wata bai wuce na makonni ba. An yi maganar dashe, tunda ana yin sa a ƙasar nan, an fara a Ikko a 2000, asibitin Malam Aminu Kano ya fara a 2002. Babban ɗansa ya ce a cire tasa. Baba ya ƙi, ya ce ba zai bar yaro da ƙoda ɗaya da bashin da zai kai jikoki ba.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa musu kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Muka je gaishe shi da murna, muka same shi kwance da rediyo a gefen filo. Ya ce ya ji, kuma abu ne mai kyau in an aiwatar. Sai ya ce, "Amma Sakatare, kuɗi ba sa leƙa rijiya, mutum ne yake leƙawa. Yaranku nawa ne a Eleyele yanzu?" Muka yi shiru, don babu ko ɗaya da muka sani. Ya sa Hajiya ta ɗauko baƙin littafin nan, ya ce a ajiye a ofishin ƙungiya har a samu mai ci gaba da shi. Wannan ce doguwar hira ta ƙarshe da muka yi da shi.

Abin da ya rage a kanmu

Shekara guda ke nan, mun ga gurbin. An sa wa rumfuna jan fenti mun rasa wanda zai gaya mana ofishin da za a shiga. An kawo rasit mun rasa mai tantance na gaske ne ko na bogi. Mun san akwai katanga, ba ma musu. Yaron da aka haifa a Sabo, aka haifi ubansa da kakansa a Sabo, in ya nemi takardar shaidar asali sai a ce ya tafi Kano ko Katsina, in ya je can a ce masa ɗan Badun. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma za mu ci gaba da kai shi inda ya dace ta hannun sarakunanmu, cikin lumana. Amma a faɗi gaskiya ko da ɗaci: ko yau aka buɗe ƙofar aka ce mu kawo mai takardar aikin tsafta, wa za mu tura? Tun 2002 aikin nan ya samu majalisar da take yi wa masu shi rajista, ba a shigarsa da sanayya kawai. In kana neman haƙƙi, ka tabbata hannun karɓa yana nan.

Don haka shugabannin ƙungiya suka amince da abubuwa kamar haka. Na farko, a kowane taron wata za a zo da na'urar awon jini da ta suga, 'yan uwanmu ma'aikatan jinya za su auna duk mai so kyauta, kuma za a ware rana ta iyaye mata da mace mai awo. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka maimaita aka ga haka, za a raka shi asibiti, ba kemis ba. Na biyu, za a buɗe asusun jinyar da take daɗewa, da ɗan abin da kowa zai riƙa sawa duk wata, don kada mu ƙara jira sai fili ya tafi kafin mu farka. Na uku, tunda dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, kwamiti zai je ya jiyo abin da inshorar jiha take ɗauka da abin da ba ta ɗauka, ya dawo ya yi bayani da Hausa. Na huɗu, ƙungiya za ta ɗauki nauyin yara biyu, namiji da mace, su karanta aikin duba-gari. Iyayen da 'ya'yansu suka gama sakandare da sakamakon kimiyya su kawo takardunsu ofis.

Muna kuma roƙon masu walima, in dattijo ya ce ruwa kawai zai sha, a ba shi ruwa, kada a ce ya raina abincin gida. Wanda kuma yake da irin wannan ciwo, ya faɗa wa nasa. Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma mai ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi.

Littafin yana nan a ofis, duk mai son ganin sunan gidansu da hannun Baba yana iya zuwa bayan la'asar. Shafukan ƙarshe babu komai a cikinsu.

Allah ya jiƙan Baba Duba-gari, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Hajiya da yara haƙuri, ya albarkaci bayansa. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti Allah ya ba su sauƙi. Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a, wanda kuma yake da wani labari nasa da muka manta, ya kawo mana mu ƙara a tarihi.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.